Ina Asalin Sunan 'Yar'aduwa?

Kwanan baya muna zaune da waɗansu malaman makaranta a nan Katsina, ana duba takardun yaran da za su shiga jarrabawa, sai wani malami baƙo, wanda bai daɗe da zuwa ƙasar Hausa ba, ya ɗaga kai ya yi wata tambaya wadda ta ba kowa dariya. Ya ce shi dai an koya masa "ɗan" na namiji ne, "'yar" kuwa ta mace. To, yaya aka yi namiji, har Shugaban Ƙasa, ya amsa sunan 'Yar'aduwa? Wace ce Aduwa, kuma don me a ke kiran maza da sunan 'yarta?

Aka yi dariya aka gama. Amma da aka zo wajen ba da amsa, sai muka ga ba duk masu dariyar ne ke da ita ba. Kowa ya san sunan, kowa ya san gidan, amma yadda aka yi sunan ya manne wa gidan har ya bi 'ya'ya da jikoki, alhali ba haka Hausawa suka saba ba, wannan kam sai da aka tsaya tunani. Don haka muka ga ya kamata mu kawo maganar nan, musamman domin malamai da akawuna, gama su ne masu riƙe da alƙalamin da ke rubuta sunayen mutane.

Aduwa dai itaciya ce, wadda duk wanda ya tashi a ƙasar Katsina ya sani, in bai san komi nata ba ya san ƙayarta. Ita ce mai dogayen ƙayoyin nan kore-kore, wadda fari bai dame ta ba. Rani ya kai inda ya kai, sauran itatuwa su kaɗe, ita tana nan da ɗan ganyenta. Yara su kan tsotsi 'ya'yanta, zaƙi-zaƙi ɗaci-ɗaci, a fasa ƙwallon a fid da mai, awaki da raƙuma su ci ganye, masassaƙa su yi ƙota da icen. Abin da ya fi duka, da icenta a kan sassaƙa allo, domin yana da ƙarfi da santsi, yana kuwa jure wanki. Watau da yawa daga cikin malamanmu a jikin aduwa suka koyi babbaƙu da farfaru.

Ita kuwa "'yar" da ke gaba, ba ta haihuwa ba ce, ta ƙanƙantawa ce, kamar yadda mu kan ce 'yar kasuwa, ko 'yar rijiya, ko 'yar tsamiya. Da ya ke aduwa sunan mace gare ta a bakin Bahaushe, dole ta ɗauki "'yar". Da marke ne da sai a ce ɗan marke, kuma lalle akwai garin da a ke kira Ɗanmarke. Ma'anar 'Yar'aduwa ke nan, ƙaramar aduwa, kuma sunan wata unguwa ne a cikin birnin Katsina, inda gidan Matawalle ya ke.

Ba abin mamaki ba ne unguwa ta ci sunan itace. Mutanen da ba su da lambar gida ko sunan titi, da abin da ido ke gani su ke kwatance. A ce mu haɗu gindin kuka, ko wane ya koma wajen rimin nan, yau da gobe sai kwatance ya zama suna. A Katsina akwai Sararin Kuka, a ƙasarta akwai garin Rimi, a Kano ga Kurna da Ɗorayi da Giginyu da Rimin Gado. Sau da yawa itacen ya kan mutu, ko a sare shi a yi gini, sunan kuwa ya zauna daram. Marigayi Alhaji Abubakar Rimi, Gwamnan Kano daga 1979 zuwa 1983, sunan ƙauyensu ya ɗauka, ƙauyen kuwa sunan itace ya ɗauka.

YADDA ABIN YA KE A WATA ƘASA

Kada mai karatu ya zaci wannan hali namu ne mu kaɗai. A gabashin Turai akwai al'ummar da a ke kira Silaf, watau mutanen Rasha da Polan da Cek da Yukren da Sabiya da Bulgeriya da maƙwabtansu, waɗanda harsunansu 'yan uwan juna ne. In ka dubi sunayen gidajensu sai ka ga tamkar a Katsina aka raɗa su. A Polan sunan da ya fi kowane yawa shi ne Nowak, ma'anarsa sabon zuwa, kusan abin da mu ke nufi da Baƙo. Mai bi masa Kowalski, daga kalmarsu ta maƙeri; Rashawa kuma su ce Kuznetsov, duk dai ɗan maƙeri ke nan. Na uku a Polan, Wisniewski, daga sunan wani itacen marmari ya fito. Wutsiyar nan "ski" da ke ƙarshe, aikinta aikin "na" ne a Hausa. Da fari masu sarauta ne ke amfani da ita don su nuna garin da su ke mallaka, daga baya talakawa suka ɗauka.

Akwai wani mutumin Polan da ya zama mashawarcin Shugaba Carter na Amurka kan sha'anin tsaro daga 1977 zuwa 1981, sunansa Brzezinski, a kan furta shi kusa da "Bijezinski". Tushen sunan wani itace ne mai farin ɓawo da ya cika dazuzzukansu. Itacen ya ba gari suna, garin ya ba mutane. Hanyar da 'Yar'aduwa ta bi ke nan sak.

Sai dai a yi hattara da cankar asalin suna ta wajen amonsa kawai. Yuri Gagarin, Barashen da ya fara zagaya duniya ta sararin sama cikin 1961, in Bahaushe ya ji sunansa sai ya ce lalle ya dace, ya gagara. Alhali kuwa a harshensu gagara wani tsuntsun ruwa ne.

Inda muka rabu da su shi ne gado. Su sunan gida bi ya ke daga uba zuwa ɗa har abada, mace ma ta ɗauka da 'yar canjin wutsiya, Kowalski ya zama Kowalska. Barashe suna uku gare shi: nasa, da na ubansa, da na gidansu. Amma su ma ba da shi aka halicce su ba. Manoman Rasha masu yawa ba su sami sunan gida ba sai bayan da Sarkinsu ya 'yanta su daga bautar gandu cikin 1861, da hukuma ta bukaci rubuta su ɗaya ɗaya. A Turkiyya ma sai cikin 1934 aka yi doka kowa ya ɗauki sunan gida. Ko'ina ka duba, littafin hukuma ne ke haifar da wannan abu.

MU DA MU KE DA SUNAYE BA SUNAN GIDA

Bahaushe ba ya rasa suna, yawa ma su ke yi masa. Akwai sunan yanka da a ke raɗawa ran bakwai. Akwai na rana, su Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe. Akwai na yadda aka zo duniya: Tanko mai bin mata, Kande mai bin maza, Gambo mai bin tagwaye, Fulani kuma su ce Dikko ga ɗan fari, Sambo ga na biyu. Akwai na alkunya, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, matar gida ba ta faɗin sunan surukinta ko da an mayar wa ɗanta. In mutum ya girma sana'a ta ba shi wani, in ya sami sarauta kuwa sai ta haɗiye sauran duka. Amma duk cikinsu ba wanda a ke gada. Zuriya da unguwa da dangi a ke saninta, a ce Sulluɓawa ne, ko Dallazawa, ko Durɓawa, ba a kuwa liƙa wannan a bayan sunan kowane yaro.

Danganta mutum ga garinsu, wannan tsohon abu ne, amma sai in ya yi nisa da gida. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu, masanin lissafin nan da ya rasu a Alƙahira cikin 1741, Larabawa Alkashinawi su ke ce masa, watau Bakatsine. Da a gida ya zauna ba mai kiransa haka, gama kowa Bakatsine ne. Waliyyi Ɗan Marna da sana'ar rini aka san gidansu, Larabawa suka fassara suka ce Ibnus Sabbagi. Waliyyi Ɗan Masani kuwa, wanda ya rasu cikin 1667, nasa ya bi ta baya: maimakon unguwa ta ba shi suna, shi ya ba unguwa, har yau ana ce mata Masanawa.

To, sai ga makarantar boko. Ran 5 ga watan Maris 1922 Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, don a horad da malaman da za su koyar a lardunan Arewa. Aka tattaro yara daga Sakkwato da Bauci da Barno da Bida da Ilori da sauran wurare, aka zuba su aji ɗaya. A ce malami ya buɗe rajista ya tarad da Muhammadu biyar, Abubakar huɗu, Ahmadu uku. Da me zai rarrabe su? Baturen ya saba da suna biyu, littafin ma gurbi biyu gare shi. Sunan uba ba ya warware matsalar, don iyayen ma Muhammadu ne da Abubakar. Ban da haka, a ganinmu, kunya ta taimaka: yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya iya buɗe baki ya ambaci sunan mahaifinsa gatsau, balle ya ji sa'o'insa suna kiransa da shi a filin wasa. Sunan gari kuwa ba kunya a cikinsa.

Haka aka sami Ahmadu Raba, wanda ya shiga cikin 1926 ya fita 1931. Daga baya sarautar Sardauna ta rufe Raba, sa'an nan aka san shi da Bello, sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda sunan mahaifinsa Yakubu ne, da Isa Kaita, da Yahaya Gusau. Wa da ƙane ma sai su fita da suna dabam dabam: Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki ya zauna da sunan garinsu, ƙanensa kuwa duniya ta san shi da Abubakar Imam. Da Kwalejin ta tashi zuwa Kaduna cikin 1938 al'adar ta bi ta, ga su Aminu Kano da Shehu Shagari. Makarantun Midil da na Elementare suka ɗauka. Su da ya ke yaransu na gari ɗaya ne, sai suka gangaro kan unguwa, shi ya sa a Katsina mu ke da masu amsa Rafindaɗi da Saulawa da Gafai da Darma.

DALILIN DA NA 'YAR'ADUWA YA ZAUNA

Malam Musa 'Yar'aduwa yana cikin mutanen wannan zamani. Ɗan Malam Umaru Matawallen Katsina ne, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Katsina, ya yi aikin En'e, aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya cikin 1959, ya riƙe Ministan Harkokin Ikko har zuwa juyin mulkin 1966. Ya riƙe sarautar Tafida, daga baya ya zama Matawalle, watau mai kula da baitulmalin Sarki. Allah Ya yi masa rasuwa cikin 1993.

A cikin birni ba mai bukatar ce masa 'Yar'aduwa, Matawalle ya isa. A Ikko ne, inda jaridu da takardun Gwamnati ke neman suna na biyu, sunan unguwar ya yi aiki. Da 'ya'yansa suka tashi sai suka haɗa biyu, sunan uba da na unguwa. Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda aka haifa cikin 1943, ya shiga soja, ya zama na biyu a mulkin ƙasa daga 1976 zuwa 1979, ya riƙe Tafidan Katsina, ya rasu a kurkukun Abakaliki cikin Disamba 1997. Ƙanensa Umaru Musa 'Yar'aduwa, haihuwar 1951, shi ma malamin makaranta ne tun fari, ya yi Gwamnan Katsina daga 1999 zuwa 2007, ya yi Shugaban Ƙasa daga 2007 har ran 5 ga watan Mayu 2010 da ya rasu a kan mulki. Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya.

A gwada wannan da gidan sarautar Katsina, inda aka bi tsohuwar hanya. Sarki Muhammadu Dikko ya haifi Usman Nagogo, shi ya haifi Muhammadu Kabir Usman, shi kuma ya haifi Abdulmumini Kabir Usman, wanda ya hau cikin 2008. Kowane ɗa da sunan ubansa ya ke tafiya, sunan kaka yana ja da baya har ya fita. Wanda bai san tarihi ba, ba zai gane daga suna kaɗai cewa Sarkin yanzu jinin Dikko ne ba. Gidajen da suna ɗaya ya bi zuriya kaɗan ne, irin su Ɗantata a Kano, wanda ya samo asali daga Tata, matar da ta reni Alhaji Alhasan, attajirin da ya rasu cikin 1955.

Mu a namu ganin, ƙanƙantar 'Yar'aduwa ita ta sa ya iya zama sunan gida. Kano ta fi ƙarfin gida ɗaya. In ka ji an ce wane Kano, ba abin da ka ƙaru da shi game da danginsa. Haka Katsina, haka Gusau. Amma unguwa ɗaya a cikin birni ɗaya, sunanta yana kai mutum kusa da ƙofar gida. Shi ya sa sunan ya yi kaɗan wajen masu amsa shi, ya yi yawa wajen masu jinsa. Jami'ar Jihar Katsina da filin jirgin saman Katsina suna ɗauke da sunan Umaru, a Abuja akwai cibiya mai sunan Shehu, amma in ka bar Katsina ka bi rajistar makarantu gari gari, da wuya ka ci karo da yaro mai wannan suna. Duk da haka kada akawu ya ga 'Yar'aduwa a takarda ya yanke cewa jinin Matawalle ne. Unguwa ta duk mazaunanta ce, wanda aka haifa a cikinta yana da ikon ɗaukar sunanta kamar kowa.

INDA ALƘALAMI KE ƁARNA

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu. Sunan nan guda ɗaya mun gan shi an rubuta Yar'Adua, da Yaradua, da Yar Adua, da 'Yar'aduwa. Na ƙarshen shi ne daidai bisa ƙa'idar Hausa. Alamar da ke gaban "y" ba ado ba ce, ɓangaren baƙin ce, ita ta raba 'ya'ya da yaya. A Jamhuriyar Nijar ma lanƙwasa a ke yi wa baƙin a rubuta ƴ. Ta tsakiya kuwa tana nuna 'yar tsayawar da murya ke yi kafin "a". Sa'an nan ga "w" da rubutun Turanci ya yar. Tun zamanin Dokta East a Zariya, cikin shekarun 1930, aka tsai da baƙaƙen nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, don kada Baƙo ya koma Bako. Mutanen Polan ma suna fama da irin wannan. Lech Wałęsa, Shugabansu daga 1990 zuwa 1995, kusa da "Bawensa" su ke furta sunansa, amma da akawunan waje suka zubar da alamun sai duniya ta riƙa cewa Walesa.

Manyan mutane ba abin da kuskuren harafi zai rage su da shi. Talaka shi ke shan wuya. Mun san wani tsohon malami da ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa, da ya zo karɓar fansho aka ce takardunsa na mutum uku ne. A Elementare an rubuta sunan yankansa da laƙabinsa na rana, don da shi kakarsa ta kai shi. A kwalejin horon malamai an rubuta shi da sunan garinsu. Ranar da aka ɗauke shi aiki, akawu ya tambayi sunan mahaifinsa ya rubuta. Ba wanda ya yi ƙarya a cikin ukun, duk sunayensa ne. Amma sai da ya yi wata da watanni yana zirga-zirga, ya yi rantsuwa a kotu, ya biya aka buga a jarida, ya nemo dattawan unguwa suka shaide shi, kāna aka sallame shi. Da ƙafarsa ya fara wannan bi, da sanda ya gama.

Da can akawun En'e ya san mai unguwa, mai unguwa ya san kowa, in an sami saɓani a littafin haraji sai a aika a tambayo. Yanzu kwamfuta ce ke gwada takarda da takarda, ita kuwa ba ta san Ɗanladi shi ne Sule ba, ba ta san Muhammadu da Mamman da Muhammad mutum ɗaya ne ba, sau da yawa ma ba ta karɓar ƙugiya ko alamar 'y. Tun 2021 ba a rubuta yaro jarrabawar shiga jami'a sai da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, kuma in sunan da ke jikin lambar ya saɓa da na takardar makaranta, wahala ta same shi. Banki ma haka.

Saboda haka abin da mu ke roƙon malamin aji ɗaya, wanda shi ne farkon mai sa sunan yaro a littafi, kada ya rubuta abin da ya ji yara na kira. Ya nemi uban yaron ko waliyyinsa, ya tambayi sunan yanka, ya tambayi na mahaifi, sa'an nan ya tambaya ko gidan suna da wani suna da manyan 'ya'yansu suka riga suka shiga makaranta da shi, na unguwa ne ko na kaka, don kada wa da ƙane su fita dabam. Addini ya hore mu da danganta ɗa ga ubansa, don haka sunan uba kada ya fita. Na unguwa in ana so ya biyo baya, kamar yadda gidan Matawalle suka yi. In akwai takardar haihuwa, a kwafe ta harafi da harafi. In ya rubuta, ya karanta wa uban da ƙarfi ya ji, kāna ya rufe littafin. Yarinya ma haka, da sunan ubanta za a rubuta ta, kuma ba dole ba ne aure ya canja shi.

Shi kuwa malamin nan baƙo da ya ta da maganar, da aka tashi sai wani daga cikinmu ya sayo masa aduwa a bakin kasuwa. Ya tsotsa ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ce a ba shi sauran ya kai wa iyalinsa.